Dorina a Bango

Asuba ba ta gama wanke ido ba
Tsahara ta iso gaɓar Gudel,
baƙar jaka a kafaɗa, ƙarfe mai ƙafa uku a hannu.
Ta ce, "Kai ne Arzika? Nawa za ka kai ni wurin dorina?"
Na ce jikka biyar. Ba ta taya ba.
Nan na san zan wahala.

Kwana tara muna kewaya tsibiri.
Na nuna mata kan dabbar, ta ce rana ta yi tsaye.
Na nuna mata uwa da ɗa, ta ce ruwa bai kwanta ba.
Ni da yunwa ta koya wa kogi,
ban taɓa ganin mai jiran haske
kamar mai jiran biyan bashi ba.
Ta ɗauki zalɓe, ƙafa ɗaya, wuya a lanƙwashe,
ta ɗauki wanki shanye bisa duwatsu,
ja da shuɗi da ruwan ƙwai,
ta ɗauki rairayin da ya cinye mini hanya tun bara
ta ce yana da kyau.
Na yi shiru. Na tura gora.

Ban gaya mata ba
wannan mai tsagaggen kunne
ita ta kwana cikin shinkafata
saura mako a yanka.
Ban gaya mata ba
ita ta kife jirgin ƙanena Tankari,
sai a Saga muka tsince shi, kwana biyu,
koma nannaɗe a damtse.
Mai haya hanya ta saya, ba labari ba.

Ran na goma tururi ya tashi daga ruwa
kamar an buɗe tukunyar gidan biki.
Sai ga ta.
Kusa, har warin numfashinta ya taɓa ni.
Hannuna ya lalubi mashi, babu mashi,
sai gora, na riƙe ta har ta yi ƙara.
Tsahara ko numfashi ba ta yi.
Ƙyas.
Sau ɗaya.
Ta ce, "Mu koma."

Wata huɗu, yaro ya kawo takarda.
Na sa rigar Juma'a, na hau kabu-kabu
zuwa wani ɗaki mai sanyi a tsakiyar Yamai,
inda ake magana ƙasa-ƙasa kamar gidan gaisuwa.

Ga ta a bango, baƙi da fari, ta fi ƙofa faɗi.
Ruwa na zuba daga girarta ɗigo-ɗigo,
kowane ɗigo ya tsaya inda yake, ya ƙi faɗuwa.
Shekara shida ina farautar idon nan cikin barci,
ban san yana da gashi ba,
ban san ya gaji ba.
Tsagar kunnen, aikina ce, daren da muka binne Tankari.
Kuɗin da aka rubuta ƙarƙashinta
ya sayi jirgi biyu da koma sabuwa.

Wani mai tabarau ya ce, "Dubi kwanciyar hankali!"

Can ƙasa, a kusurwar hagu,
ga hannu riƙe da gora,
jijiyoyi sun tashi kamar saiwar gawo.

Tsahara ta matso. "Me ka gani?"
Na ce, "Hannuna."
Ta ce, "Sau uku ina yanke shi.
In na cire shi, sai ta koma dutse cikin ruwa."

Ban ci cincin ɗinsu ba.
Na tako gida da ƙafa, ta bakin gaɓa,
rana na narkewa bayan Harobanda,
balbelu na komawa, layi bai miƙe ba.
Daga bayan tsibiri na ji gurnaninta, sau biyu.
Shinkafa ta fara nuna.
Na ɗauki fitila, na ɗauki garwar da nake bugawa,
na tafi gadi.